Makaman Bida da Baitulmalin Jihar Arewa



An nemi in yi magana a kan ɗaya daga cikin mutanen da suka riƙe dukiyar jama'a a ƙasar nan, sai na zaɓi Alhaji Aliyu Makaman Bida, Ministan Kuɗi na Jihar Arewa daga 1957 har zuwa ranar 15 ga Janairu 1966. Idan aka tashi lissafa manyan Jamhuriya ta Farko, bakin kowa yakan tafi ga Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wani lokaci a ƙara da Ribaɗu ko Kashim Ibrahim. Makama sai an yi nisa ake tuna shi. Alhali duk ginin da muke nunawa da yatsa muna cewa aikin Sardauna ne, sai da kuɗinsa ya bi ta teburin wannan dattijo Banufe, ko kuwa ya zauna a majalisar da ta yanke shawarar inda za a samo shi.

An haife shi a ƙasar Bida wajen 1905, wato 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Bida. Ya yi makaranta a can, daga nan aka tura shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malaman makaranta. Yana cikin 'yan sahun farko. Ahmadu Rabah, wato Sardauna, ya shiga a 1926, Abubakar na Bauci, wato Tafawa Ɓalewa, ya shiga a 1928, saboda haka dukansu ƙannensa ne a makaranta. Wannan girma na shekaru da na aji ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma a siyasar Arewa ta wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen Kwalejin Katsina sun san wanda ya riga wani, suna kuma kiyaye wannan tsari ko da wanda ke ƙasa ya zama Firimiya.

Da ya gama ya koma gida ya kama alli. Ya koyar, har ya zama hedimasta a Midil ta lardin Neja da ke Bida. A zamanin Etsu Nupe Muhammadu Ndayako aka naɗa shi Makama, ya shiga majalisar sarki da ayyukan En'e. Ina so ku riƙe wannan wuri da kyau, domin a nan ne aka ƙera Ministan Kuɗin da muke magana a kai. Bai karanta ilmin tattalin arziki a wata jami'a ba. Abin da ya sani shi ne baitulmalin En'e, kuma wanda ya san baitulmalin En'e ya san daga ina kuɗi suke fitowa.

Bari in yi wa matasa bayanin yadda abin yake, tunda yawancinku ba ku taɓa ganin rasit ɗin haraji ba. Tun farkon mulkinsu Turawa suka fara kafa baitulmali a masarautu, aka fara da Katsina. Kowace shekara malaman haraji sukan fita ƙidaya. Mai unguwa ya san kowane magidanci, dagaci ya san kowace unguwa, hakimi ya haɗa na ƙasarsa ya kai birni, Ma'aji ya karɓa ya rubuta. Haraji na kan baligi namiji, jangali na kan saniya. Daga cikin abin da aka tara ake biyan sarki da alƙali da ɗan doka da malamin elementare da malamin asibiti, a gyara hanya, a haƙa rijiya, a kuma ba gwamnati kasonta. Di'o da Razdan suna duba littattafai, odita yana zuwa. Idan sule goma suka ɓace a hannun dagaci, rawaninsa na iya tafiya. An tuɓe hakimai, har da sarakuna, a kan kuɗin baitulmali.

Tsarin yana da zalunci a cikinsa, kada mu rufe ido. An ɗaure talaka a rana saboda haraji. Mutane sun sayar da akuya da hatsin ci, wasu sun gudu cin rani don su samo abin biya. Fulani sun kwana suna kora shanu daji don kauce wa malamin jangali. A kan wannan ne NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta gina rabin hujjarta tun daga 1950, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma akwai wani abu da tsarin ya dasa a zuciyar duk wanda ya yi aiki a cikinsa da tsoron Allah: ya san mai kuɗin ido da ido. Ya san fam ɗin nan da ke cikin akwati gumin wane ne. Abin da nake so in tabbatar muku a yau ke nan, cewa Makama ya tafi Kaduna da wannan sani, ya riƙe kuɗin jiha guda da idon ɗan majalisar En'e, kuma ƙarfinsa da iyakarsa duk daga nan suka fito.

Siyasa ta same shi a 1947, lokacin da tsarin mulkin Richards ya kawo Majalisar Wakilai ta Arewa. Ya shiga, aka kuma tura shi majalisar dokoki ta Ikko tare da su Tafawa Ɓalewa. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin jigoginta, shi ne ma ya daɗe yana riƙe mata ma'aji. A 1952 aka naɗa ministocin farko 'yan ƙasa a Kaduna. Sardauna ya samu Ayyuka, Makama ya samu Ilmi.

Ba zan daɗe a kan shekarunsa na Ilmi ba, ko da yake sun cancanci lacca tasu daban. A lokacin ne Yaƙi da Jahilci ya yi ƙarfi, aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga littattafai da 'yan jaridu na larduna cikin Hausa da wasu harsunan Arewa. A lokacin ne kuma, a 1955, Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Arewa ba ta bi sahu ba. Har yau ana gardama a kan wannan, wasu na cewa ƙyashi ne na sarakuna, wasu na cewa rashin malamai ne da rashin kuɗi. Ni a ganina duka biyun sun yi aiki, amma na biyun ya fi nauyi fiye da yadda ake zato. Yamma tana da koko da tarin malaman mishan na shekara ɗari. Arewa tana da ninkin mutane, da 'yan makarantun horar da malamai da za a ƙirga da yatsu. Makama tsohon hedimasta ne, ya san aji ba malami rumfa ce kawai. Da wannan ciwo a ransa ya koma Ma'aikatar Kuɗi, Isa Kaita ya gaje shi a Ilmi.

Kafin 1957 babu Ministan Kuɗi a Arewa. Akwai Sakataren Kuɗi, Bature, wanda yake zama a majalisar zartarwa saboda muƙaminsa. Wannan kujera na cikin na ƙarshe da Turawa suka saki, don sun san wanda ya riƙe jaka shi ya riƙe gwamnati. Da lokacin saki ya zo, Sardauna ya ba da ita ga mutumin da ya girme shi, wanda ba Bahaushe ba, ba Bafulatanin Sakkwato ba, ba kuma wanda ake tsoron zai nemi kujerar Firimiya ba. Shi ne dai yake riƙon Firimiya idan Sardauna ya tafi Makka ko Ingila. A shekarar ce Festus Okotie-Eboh ya zama Ministan Kuɗi na tarayya a Ikko, kuma su biyun suka riƙe kujerunsu har ranar da sojoji suka fito.

To, me ke shigowa jakar? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ba a cika yi ba.

Gyaɗa ce kan gaba, sai auduga, sai fatu da ƙiraga, sai kuza daga Jos, sai riɗi da waken soya daga ƙasar Tibi. A 1954 aka raba hukumomin sayen amfanin gona bisa jihohi, Arewa ta samu tata. Hukumar ita ke yanke farashi kafin kaka, ita ke ba manyan 'yan kasuwa lasin saye, su kuma su baza ejan-ejan da sikeli a ƙauyuka. Buhunan da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa a kan lokaci su ne aka jibge suka zama dalar gyaɗa a Kano. Mu yau muna kallon hoton dala muna alfahari, amma ga mai kula da kuɗi dala tana nufin dukiya ce a zaune, rana na dukanta, ƙwari na cinta, ba ta isa tashar jirgin ruwa ba balle ta zama fam. Farashin da hukumar ke ba manomi yakan kasance ƙasa da na kasuwar duniya. Rarar da ta taru ita ake ajiyewa, da sunan za a tallafi manomi a shekarar da kasuwa ta faɗi, amma a aikace kaso mai yawa ya tafi ga ayyukan raya ƙasa. Ban da wannan, akwai harajin fitar da kaya waje, da harajin sayar da amfanin gona. Manomin gyaɗa na Gumel ko Ɗanɓatta ya biya haraji ga dagaci, ya sake biya a bakin sikeli ba tare da an ba shi rasit ba.

Ɓangare na biyu shi ne rabon da ke zuwa daga tarayya, kuma a nan Makama ya sha gwagwarmaya. Tsarin da kwamitin Chick ya kawo a 1953 ya jingina ne ga asalin inda kuɗi suka fito, abin da ya fi amfanar Yamma. A 1958 kwamitin Raisman ya sake tsari. Harajin fitar da amfanin gona ya koma ga jihar da ta noma. Kuɗin ma'adinai aka raba uku: kashi 50 cikin 100 ga jihar da aka haƙo, 20 ga tarayya, 30 ga wani asusu na haɗaka. A wannan asusu Arewa na samun kashi 40, Gabas 31, Yamma 24, Kudancin Kamaru 5. A 1964 kwamitin Binns ya ɗaga na Arewa zuwa 42. Ku kwatanta da ƙidayar 1963, wadda ta ba Arewa mutum miliyan 29 da dubu 800 cikin miliyan 55 da ɗoriya. Fiye da rabin mutanen ƙasa, da kashi uku cikin huɗu na faɗinta, suna karɓar ƙasa da rabin asusun. Man fetur kuwa an same shi a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, amma a zamanin Makama bai zama abin da ake dogara da shi ba. Duk wanda ya ce da kuɗin mai aka gina Kadunan Sardauna, bai duba littafi ba.

Da wannan ɗan abin aka yi me? Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, don a daina ɗaukar audugar Funtuwa da Gusau a kai Turai a dawo mana da ita atamfa. Hukumar raya Jihar Arewa, wadda daga baya aka sani da NNDC, ta zuba jari a masana'antu ta kuma ba da rance. Bankin Arewa ya buɗe ƙofa a 1960 domin ɗan kasuwar da bankunan Turawa ba su yarda da shi ba. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara a 1962. A Oktoban wannan shekara aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Aka gina otal ɗin Hamdala, aka gina filin wasa na Kaduna, jaridar New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin komai ya rushe.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba gine-ginen ba ne. Shi ne kuɗin da aka kashe a kan mutane. Lokacin da Arewa ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, yawancin manyan kujerun aikin gwamnati suna hannun Turawa, na tsakiya kuma suna hannun 'yan Kudu. Manufar mayar da aiki hannun 'yan Arewa abu ne mai tsada ƙwarai. Sai an biya Baturen da zai tafi kuɗin sallama, an ɗauki wani na kwantaragi ya riƙe wurin, an tura yaro Kongo a Zariya ko Ingila ya koyo, sannan a biya shi albashi idan ya dawo. Kujera ɗaya, biya uku ko huɗu. Ministan Kuɗi mai ƙyashi zai iya shaƙe wannan shiri ba tare da ya ce uffan ba, ta hanyar jinkirta takarda kawai. Tsohon malamin makaranta bai yi haka ba. Daga wannan shiri ne aka samu su Ali Aƙilu, wanda ya zama Sakataren Firimiya, da Ahmed Talib, wanda ya zama Babban Sakatare a ma'aikatar Makama kanta, da tarin ma'aikatan da suka riƙe jihohi shida bayan 1967.

Shekarar kuɗi a lokacin tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu. Kafin nan Minista yakan tsaya a zauren Lugard ya karanta kasafi, 'yan hamayya su yi masa ca, sannan a kai Majalisar Sarakuna. Ku lura da lokacin. Kasafin yana zuwa ne bayan an gama cinikin kaka, an san yawan tan ɗin da aka saya, an san yadda farashi yake a Landan. Idan damina ta yi gardama, ko kasuwar gyaɗa ta faɗi, ba wanda zai cike giɓin. Dole a rage. Wannan shi ya sa aka san gwamnatin Kaduna da tsantseni wajen kashe kuɗi, har wasu na yi mata kallon mai maƙo. Magidancin da ya san rumbunsa ne kaɗai zai kai shi wata kaka, ba ya buɗe shi don baƙo ya yaba masa.

Yanzu bari in faɗi inda nake ganin an gaza, domin laccar da ta zama kirari ba ta da amfani ga ɗalibi. Na farko, nauyin ya faɗa kan manomi fiye da kima, amfanin kuma ya fi taruwa a birane da hannun 'yan boko. Wanda ya noma gyaɗar da aka gina jami'a da ita, da wuya ɗansa ya shiga jami'ar a wancan ƙarni. Na biyu, rancen hukumar raya ƙasa da lasin sayen gyaɗa sun zama kayan siyasa. Ɗan jam'iyya mai mulki ya fi samun sauƙi, kuma akwai basussukan da ba su dawo ba. Gwamnatin soja ta binciki waɗannan hukumomi bayan 1966 ta sake musu tsari. Mutumin da yake Ministan Kuɗi kuma ma'ajin jam'iyya a lokaci guda ba zai ce wannan lamari bai shafe shi ba. Na uku, idon En'e ido ne na kiyaye abin da ke hannu. Yana hana ɓarna, amma ba ya saurin tambayar ko tsarin kansa adalci ne. Makama mutumin sarauta ne, ya yarda da En'e, ya kare ta. Tambayar da Malam Aminu yake yi, wato don me talaka zai biya alhali ba shi da bakin magana a kan yadda za a kashe, ba a amsa ta ba a zamaninsa. Sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Sokewar ta share wa talaka hawaye, ba na musun haka. Sai dai ta zo a lokacin da kuɗin mai ya riga ya canza komai. Hukumomin amfanin gona sun raunana, fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 sun rushe dala, jihohi suka koma jiran kason wata-wata daga tarayya. Kwamishinan kuɗi na yau yakan tafi Abuja ƙarshen wata ya karɓo. Bai san mai kuɗin ba, mai kuɗin ma bai san nasa ba ne. Talakan da aka ɗaure saboda sule talatin yana jin zafi idan ya ga hakimi ya yi sabuwar mota, har ya shiga NEPU saboda haushi. Jikansa yana jin an ambaci biliyoyi a rediyo, sai ya ce kuɗin gwamnati ne. Ba ina kiran a dawo da ɗaurin rana ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne igiyar da ta haɗa mai biya da mai riƙo ta tsinke, kuma ba mu saƙa wata a madadinta ba.

Daren 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka sace Tafawa Ɓalewa da Okotie-Eboh a Ikko aka kashe su. Allah ya yi Makama yana da sauran kwana. Mulki ya koma hannun soja, Manjo Hassan Usman Katsina ya zama gwamna, Makama ya koma Bida ga sarautarsa. A 1967 aka yanka Arewa gida shida, Bida ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma ta shiga sabuwar Jihar Neja. Kadarorin da aka tara a zamaninsa, jami'a da banki da gidan rediyo da sauransu, sai da aka kafa hukuma ta musamman ta riƙe su a madadin jihohin kafin a san yadda za a yi da su.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, aka sake nemansa. Tsofaffin 'yan NPC da sababbin 'yan boko da abokansu na Kudu suna bukatar dattijon da kowa zai zauna a gabansa ba gardama, sai suka sa shi a gaba wajen kafa jam'iyyar NPN, ya shugabance ta na riƙo kafin babban taron da ya zaɓi Adisa Akinloye shugaba, ya kuma tsayar da Shehu Shagari takara. Ya ga an rantsar da Shagari a Oktoban 1979. Ya rasu a 1980. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Ina da roƙo ga ɗaliban tarihi da na tattalin arziki da ke nan. Jawaban kasafin kuɗin da Makama ya karanta, da muhawarar da aka yi a kansu, da littattafan ƙiyasin kuɗi na En'e-En'e, takardu ne na gwamnati da aka buga, kuma wuraren nemansu su ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House. Ku je ku zauna da su. Ku ɗauki lardi ɗaya, ku bi shekara tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ku fitar mana da abin da lardin ya biya ta haraji da jangali da bakin sikeli, da abin da ya dawo masa na makaranta da asibiti da hanya. Shugaban taro, na ga lokacina ya cika, zan tsaya nan domin a samu damar tambayoyi.